Ɗakin kaka da ɗakin kwano: lacca kan karatun tattalin wuta a gine-gine

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Wani ya rage wannan fankar, tana kwashe mini takardu.

An ce in yi wa ɗalibai bayani kan karatun tattalin makamashi a gine-gine, da yadda ake sarrafa buƙatar wuta. Abu huɗu na rubuto, in Allah Ya yarda za mu taɓa kowanne.

Na farko, ginin kansa. Wa ya taɓa kwana a soron ƙasa cikin watan Afrilu? Ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne. To kun san abin da zan faɗa. A nan Sakkwato zafin bazara yakan haura digiri 40, amma ka shiga ɗakin kakarka da azahar sai ka ji kamar an yayyafa ruwa. Ba sihiri ba ne. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, a hankali, kafin zafin ya ratsa ya iso ciki rana ta faɗi. Rufin azara da ƙasa ma haka. Taga 'yar ƙarama, can sama. Ga zaure, ga inuwar darbejiya a tsakar gida. Da dare bangon ya fara amayar da zafin da ya sha, amma lokacin kowa ya shimfiɗa tabarma a waje. Su ma sun san lokacin da ake barin ɗakin.

Mu kuma da muka yi boko, me muka yi? Muka ɗora bulo mai rami, muka rufa kwano ba silin, muka buɗe ƙatuwar tagar gilashi tana fuskantar yamma, daidai inda ranar la'asar ke dukanta. Tanda muka gina, jama'a, tanda! Sannan muka tafi kasuwa neman na'urar sanyaya ɗaki. (dariya) Ni kaina gidan hayar da na fara zama bayan aure haka yake. Uwargida takan ce in an ajiye ƙwai a ɗakin zai dahu kafin a dawo daga masallaci. Da na sa silin, na shafa farin fenti a kwanon, ranar ta fara yin baccin rana. Farin launi yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanyewa. Shi ya sa ba ka ganin dattijo da baƙar riga a bazara.

Ba cewa nake kowa ya koma ginin ƙasa ba, kada a je a ce malam ya ce. Cewa nake a jami'a za a koya maka ka auna abin da kaka ta sani da jikinta: kaurin bango nawa, zafi nawa ke ratsawa a awa guda, ina ya kamata taga ta fuskanta. Ko randa, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Duk lissafi ne. Kuma gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine tun 2017, sai dai magina nawa suka taɓa ganinta?

Na biyu, kayan wuta. Wannan da sauri. Tsohon ƙwan fitila wat 60, na zamani mai ba da haske kusan ɗaya wat 9. Ƙwai goma, awa shida: wancan ya ci yunit 3.6, wannan ɗan abin da ya haura rabin yunit. Fanka wajen wat 70, na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana iya haura wat 1,000.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Lokaci ya ci mu. Sarrafa buƙata. Bayan magariba kowa ya kunna komai lokaci guda, guga, hita, talabijin, sai taransifomar unguwa ta yi ƙara. Aikin masanin shi ne ya raba nauyin: a tura ruwan burtsatse tanki da tsakar rana lokacin da sola ke da ƙarfi, a yi guga da safe. Masu son fannin su riƙe lissafi da fizik da kyau. Ta injiniyan lantarki ake shiga, ko na inji, ko zanen gine-gine. Kuma ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ƙofar gidanku.

Na'am, ƙanwata, a miƙa mata lasifika.

"Malam, mu unguwarmu wutar ma ba ta zuwa. Mi za mu tattala?"

(dariya da tafi) Kin yi gaskiya, kuma ke ce ma darasin ya fi shafa. Wanda ke layin da aka fi ba wuta, wanda ake kira Band A, a Afrilun 2024 aka kai masa yunit naira 225, shi kuɗi ke cizonsa. Ke kuwa janareta ce ko sola, kuma yunit ɗin janareta ya fi na kamfani tsada. Mai haɗa sola in ya zo, tambayarsa ta farko ita ce me da me za ki kunna. Gwargwadon amsarki, gwargwadon faranti da batirin da za ki saya. In ɗakin da kansa mai sanyi ne, fanka ta ishe ki, batir ɗaya ko biyu su kai ki asuba. In tanda ne, ki tanadi kuɗin sayen mota. Yauwa, an kira la'asar. Na huɗun, wanda ya damu ya tare ni a bakin ƙofa.