Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ya ƙure, ga Barista nan tare da mu. Wani daga Gusau na tambaya, hayar da aka ƙulla da baki, babu takarda, doka ta san da ita?

Barista: Ta sani, muddin ba ta haura shekara 3 ba. Sai dai ranar da aka samu saɓani, kowa abin da ya yi masa daɗi zai tuna.

Mai gabatarwa: Ka ji ko, malam? Ka bar jin nauyin mai gida, ku rubuta, shaidu su sa hannu, ka karɓi rasit duk sanda ka biya. Mai tambaya daga Zariya kan la'adar dillali, wannan ciniki ne tsakaninku, ku daidaita kafin ka miƙa kuɗi.

To ga wadda ta tsaya mini a rai, don irinta 6 muka samu. Wata baiwar Allah daga Kurna a Kano ta ce shekara 4 tana biyan haya shekara-shekara, ba a bin ta ko sisi. Mai gida ya ba ta sati 2 ta tashi, ya ce in ta ƙi zai kwashe kwanon ɗakin. Ga damina, ga yara ƙanana.

Barista: Wato kowace jiha da dokarta. A Legas ma dokar 2011 ta hana karɓar kuɗin sama da shekara 1 daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit…

Mai gabatarwa: Barista, a dawo Kurna, Hajiya na jira.

Barista: To. In babu wani wa'adi da suka rubuta, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata 1. In ya cika, sai a ƙara masa takardar kwana 7 cewa za a je kotu. Alƙali ne kaɗai zai ce a fitar da kaya. Cire kwano, sa kwaɗo a ƙofa, yanke wuta, duk ɗaukar doka ne a hannu, kuma za ta iya kai ƙara a biya ta diyya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, Hajiya: wata 6, sannan kwana 7, sannan kotu. Sati 2 ba ya ciki. Ki adana rasit ɗinki, ki fara da dattawan unguwa, in ya ƙi ji ki nemi lauya. Masu gidaje kuma, Allah ya ba ku, amma ku ji tsoronsa, a yaye wa yara rufi cikin ruwan Agusta ba daidai ba ne.

Mai tambaya daga Damaturu kan gyaran shadda, ka yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.