Sharhi: A Ceto Tarihin Shari'a da Hukunci Kafin Gara Ta Ƙarasa Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A watan jiya wani aiki ya kai ni Legas, sai na keɓe yammacin wata rana na shiga wurin da ake kira Freedom Park. Wanda bai san labarinsa ba zai ɗauka lambun shan iska ne, alhali kurkuku ne da Turawan mulkin mallaka suka buɗe a 1872, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro. A 2010 aka mayar da shi wurin tarihi. An bar tsohuwar katangar, an kuma sake fitar da siffar ɗakunan fursunoni daidai girmansu na da. Na shiga ɗaya daga ciki, kafin in gama miƙe hannuwana sun taɓa bango hagu da dama. A bayana kuwa wata malama ce da ɗalibanta, tana nuna musu inda ake rataye mutane, yaran sun yi tsit, sai wata yarinya ta tambaya ko duk wanda aka rataye ɗin ya aikata laifin. Wannan tambaya ita ta biyo ni har Bauchi.

Bayan dawowata na ziyarci wata tsohuwar kotu a ɗaya daga cikin garuruwanmu, wani dattijon magatakarda ya buɗe mini ɗakin ajiya. Abin da na gani ya ɓata mini rai ƙwarai. Littattafan shari'a ne na alƙalan da, wasu da Larabci wasu da ajami, an jibge su a ƙasa ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Na ɗaga guda ɗaya, bangonsa ya zo hannuna, cikinsa ya zube kamar gari, domin gara ta riga ta yi gida a ciki. A kusurwa ga wani mari, ƙarfen da ake ɗaure ƙafar fursuna da shi, ya yi tsatsa, an tokare taga da shi. Hukuncin gado da na iyakar gona da na sata da na kisa, duk da aka yanke wa kakanninmu, ga su nan gara tana ci, babu mai cewa uffan.

Mu fa ba baƙin shari'a ba ne. Tun da Malam Yakubu ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar Bauchi, Buba Yero kuma ya kafa ta Gombe, alƙalai suke zama suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya, ga muhuti mai taimaka wa alƙali a gefe, ga dogarai masu kamo mai laifi, ga Yari mai tsaron kurkuku. Daga sarautar Yari ɗin nan aka samo kalmar gidan yari da muke faɗa kullum, amma na tambayi matasa uku masu karatun lauya, babu wanda ya sani. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 sun bar kotunan alƙalai, sai dai sun hana yanke hannu, kuma hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Gwamna ya amince. A 1960 kundin dokokin laifuka na Arewa ya fara aiki. A ƙarshen shekarun 1960 aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kurkuku da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya. A 2001 jihar Bauchi ta dawo da shari'ar Musulunci a kan laifuka. A ranar 7 ga Satumba, 2010, aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka fice. Shekaru ɗari biyu ke nan da ɗoriya na shari'a da hukunci a ƙasa ɗaya, to a ina ɗan makaranta zai je ya ga wannan tarihi da idonsa a jere? Ni ban ga wurin ba, abin da na gani gara ce.

Na san masu cewa wannan tonon silili ne, wai za a kunyata magabata idan aka baje mari da sasari da bulala. Wannan magana ba ta da tushe. Alƙalin da ya zauna ya rubuta hujjar mai ƙara da ta wanda ake ƙara, ya rubuta sunayen shaidu, ya rubuta dalilin hukuncinsa, don a karanta ya rubuta, kuma babu cin mutuncin da ya kai a bar rubutunsa ya ruɓe a ƙasa. Akwai kuma masu cewa asibiti da makaranta sun fi gaggawa. Wa ya musa? Amma ɗaki biyu a cikin ginin da gwamnati ta riga ta mallaka, da kabad, da na'urar ɗaukar hoton takardu, wane asibiti za su hana a gina?

Kuma kada wani ya ce mini mari ya zama labarin da. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da yara ƙanana, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu da sunan gyaran tarbiyya. A shekarar ce aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma har yau mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Uban da ya taɓa ɗaga mari da hannunsa ya ji nauyinsa, da wuya ya yarda a saka wa ɗansa. Ɗalibin da ya tsaya a ɗakin da ba ya iya miƙe hannu a ciki, idan ya zama alƙali zai yi tunani kafin ya ɗage shari'ar talaka wata shida a kan akuya ɗaya.

Abu ɗaya nake ɗari-ɗari da shi, ba zan ɓoye ba. A cikin littattafan nan akwai sunayen mutanen da jikokinsu ke raye a cikinmu, kuma mun san yadda gori yake a garuruwanmu. Dole a rufe sunaye a abin da za a baje wa jama'a, a bar asalin ga masu bincike, kamar yadda ake zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Wannan dalili ne na yin aikin da hankali, amma bai zama hujjar barin takardun ga gara ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin Bauchi da Gombe, da ma'aikatun shari'a, da masarautu, da jami'o'inmu, su fara da abin da ba ya jira. A kewaya tsofaffin kotuna a tattaro littattafan, a ɗauki hotonsu shafi-shafi a zuba a kwamfuta. A nemi tsofaffin alƙalai da gandirobobi da dogarai da suka rage, a naɗi muryoyinsu tun suna iya bayani. Dattijon da ya buɗe mini ɗakin nan shi kaɗai ya rage a kotun mai iya karanta rubutun alƙalan da, ya kuma gaya mini a ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, ga rufin ɗakin har yanzu ba a gyara ba.