Registan, Dandalin Makarantu Uku a Birnin Samarƙand

Masu kallo, assalamu alaikum. Wannan fili da kuke gani shi ne Registan, a tsakiyar birnin Samarƙand na ƙasar Uzbekistan, kuma sunan nasa a harshen Farisanci yana nufin wuri mai yashi. Idan baƙo ya tsaya a bakin filin daga kudu, gine-gine uku ne za su tare masa ido, ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ɗaya kuma a gabansa, kowanne da doguwar ƙofa da ado na shuɗi da ruwan zinariya. Mafi yawan masu zuwa yawon buɗe ido sukan ɗauka masallatai ne ko fadojin sarakuna, alhali dukkansu makarantu ne da aka gina domin ɗalibai su kwana a ciki su yi karatu, kuma wanda ya shiga da sanin haka zai fahimci abin da yake kallo fiye da wanda ya zo ɗaukar hoto kawai.

Tsohon birnin Samarƙand yana kan tudun da ake kira Afrasiyab ne, har zuwa shekarar 1220 da rundunar Mongol ƙarƙashin Jangiz Khan ta rusa shi. Mutanen da suka tsira sun sauko kudu, wannan fili ya zama kasuwarsu da mahaɗar hanyoyinsu, inda ake shelar umarnin sarki, inda kuma fatake masu bin hanyar siliki suke sauke kaya. Daga baya Amir Timur ya mai da Samarƙand hedkwatar daularsa, amma ginin da ya fi tsufa a dandalin ba nasa ba ne, na jikansa ne Ulugh Beg.

Makarantar Ulugh Beg ita ce ta hannun hagu, an gina ta tsakanin 1417 da 1420, kuma a nan ya kamata baƙo ya fi daɗewa. Ku ɗaga kai ku dubi saman ƙofarta, za ku ga taurari ne aka jera da tayil a kan shuɗin fage, kuma ba a banza aka zaɓi wannan ado ba, domin mai ginin basarake ne da ya ba da rayuwarsa ga ilimin falaki da lissafi. Ya tara manyan masana irin su Ƙadi Zada al-Rumi da Jamshid al-Kashi, aka riƙa koyar da hisabi da ilimin taurari a gefe guda da Alƙur'ani da fiƙihu, a cikin gini ɗaya, ba tare da wani ya ga cin karo a tsakaninsu ba. A bayan gari ya gina ɗakin binciken taurari, inda aka ƙayyade matsayin taurari 1018, aka kuma auna tsawon shekara da daidaiton da kuskurensa bai wuce kimanin minti ɗaya ba, duk wannan kafin a ƙirƙiro madubin hangen nesa. Ƙarshen Ulugh Beg bai yi daɗi ba, domin an kashe shi a 1449 da umarnin ɗansa na cikinsa, ɗakin binciken ya rushe ya nutse a ƙasa, sai a 1908 aka tono ragowarsa. Makarantar kuwa tana nan tsaye, kuma idan kun shiga tsakar gidanta za ku ga ƙananan ɗakunan ɗalibai a jere, hawa biyu, kewaye da fili mai bishiyoyi. Duk wanda ya san rayuwar tsangaya zai gane tsarin nan take, wato malami da ɗalibi a gida ɗaya, karatu da kwana da sallah a wuri ɗaya.

Akwai abin da ido yakan tsallake a jikin bangayen waje. Zanen da ke kama da saƙar tabarma, mai kusurwa-kusurwa, rubutu ne na Kufi da aka shirya da tubali mai ƙyalli, kuma wanda ya iya karatun Larabci, idan ya ja da baya kaɗan ya natsu, zai fara tsinto sunan Allah da sunan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana maimaita su daga ƙasa har sama. A ganina wannan shi ne mafi daɗin abin da mai ziyara zai yi a dandalin, kuma ba ya buƙatar ɗan jagora.

Shekara ɗari biyu bayan haka, gwamnan Samarƙand Yalangtush Bahadur ya gina makarantar da ke hannun dama, wato Sher-Dor, daga 1619 zuwa 1636, ya sa ta fuskanci ta Ulugh Beg kamar mutum da inuwarsa a madubi. Sunanta yana nufin mai zakuna, saboda dabbobi biyu da ke saman ƙofarta, masu gezar zaki da zane-zane a jiki, kowanne yana bin farar barewa, ga rana mai fuskar mutum tana ɓullowa daga bayansa. Na san da yawa daga cikinku za su yi mamakin ganin surar mai rai a ƙofar makarantar addini, kuma mamakin yana kan hanya, domin ba kasafai ake samun haka ba. Zaki da rana tsohuwar alama ce ta mulki a ƙasashen Farisa, mai alaƙa da burujin Asad, kuma gwamnan ya ɗora ta ne a inda kowa zai gani.

Ta tsakiya, Tilya-Kori, gwamna Yalangtush ne dai ya fara gina ta a 1646, aka kammala a 1660 bayan rasuwarsa. Ma'anar sunan ita ce wadda aka yi wa aikin zinariya, kuma ta haɗa makaranta da masallacin Juma'a, saboda a lokacin babban masallacin Bibi-Khanum ya fara lalacewa. Da kun shiga ɗakin sallar da ke yammacin tsakar gida, mihrabi da bango da rufi duk suna walƙiya da zinariya a kan shuɗi. Ku tsaya a tsakiya ku kalli sama, za ku rantse cikin kubba kuke kallo, amma rufin shimfiɗaɗɗe ne, gwanintar masu zane ce ta sa ganyayen da aka zana a jikinsa suna ƙanƙancewa zuwa tsakiya har ido ya ga zurfi.

Ya dace a faɗa cewa ba duk abin da ke ƙyalli a nan ne ya kai shekara ɗari huɗu ba. Girgizar ƙasa da sakaci sun ci gine-ginen ƙwarai, tayil ya zube, hasumiyoyi suka karkace, har a 1932 injiniyoyin Tarayyar Sobiyet suka miƙar da ɗaya daga hasumiyoyin makarantar Ulugh Beg da ta kusa faɗuwa. Shuɗiyar kubbar Tilya-Kori da ake gani daga waje ita ma aikin gyara ce na ƙarni na 20. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya Samarƙand cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ke sosa rai shi ne ɗakunan ɗalibai da yawa yanzu sun zama shagunan sayar da tsaraba, darduma da kwanukan tangaran da mayafai masu surfani, a wurin da dā muryar masu hadda ce ke tashi.

Game da shirin tafiya, jirgin ƙasa mai sauri da ake kira Afrosiyob yana kai mutum daga Tashkent zuwa Samarƙand cikin awa biyu da 'yan mintuna. Watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi sauƙin yanayi, domin tsakiyar shekara akwai zafi mai tsanani, hunturu kuma akwai sanyi har da ƙanƙara. Ana sayen tikiti kafin a shiga cikin makarantun, kuma ya kamata a yi shiga ta kamala a sassauta murya, musamman a ɗakin sallah. Ku zo da sassafe idan kuna son ganin taurarin ƙofar Ulugh Beg, domin tana fuskantar gabas, sannan ku dawo bayan la'asar lokacin da rana ke haska zakunan Sher-Dor, ku jira har bayan magariba a kunna fitilu.

Kada ku bar Samarƙand ba ku ware yini guda domin abin da ke kewaye da dandalin ba. Kabarin Timur da na Ulugh Beg suna hubbaren da ake kira Gur-Emir, tafiyar ƙafa kaɗan daga nan, kuma a cikin garin ne aka binne Imam Abu Mansur al-Maturidi. Kimanin kilomita 25 daga birnin akwai ƙauyen Khartank, inda Imam Muhammad bin Isma'il al-Bukhari ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, wanda littafinsa na hadisi ake karantawa har yau a zaurukan malamai daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram. Daga bakin Registan, mota za ta kai ku can cikin ƙasa da awa ɗaya.