Me Ra'ayin Ma'aikata Kan Babban Oga Yake Nunawa?

Masu kallo, a shafin Glassdoor, inda ma'aikata ke faɗin ra'ayinsu kan wurin aikinsu ba tare da bayyana suna ba, akwai ma'auni biyu a jere: makin kamfani daga 1 zuwa 5, da kason ma'aikatan da suka gamsu da babban shugabansa. Sau da yawa tare suke hawa, tare suke sauka. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mai aiki a bakin inji bai taɓa zama da manajan darakta ba. Abin da ya sani shi ne ko albashi ya shigo ƙarshen wata ko sai goma ga wata mai kamawa, ko injin da ya yi mako uku yana ƙara an gyara shi, ko wanda aka ƙara wa girma ya cancanta ko ɗan gidan oga ne. Da waɗannan yake auna na sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dubi bankin Wells Fargo a Amurka. Daga sama aka matsa wa ma'aikata su sayar wa kowane abokin hulɗa hajojin banki har takwas, irin su asusu da katin bashi. Matsin ya kai wasu ga buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300, shugabansa John Stumpf kuma ya sauka.

Sai dai kada a ɗora wa babban oga komai. Binciken Gallup, kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Amurka, ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin himmar aiki tsakanin rukuni da rukuni daga shugaban sashe yake fitowa, wato wanda ke raba aiki da sa hannu a takardar hutu.

Don haka in za a tambayi ma'aikata, a raba tambayoyin. Ɗaya kan shugabannin sama: suna cika alkawari? Ɗaya kan shugaban sashe. Sauran kan albashi, kayan aiki da ƙarin girma. Kada a nemi suna, kada kuma a fitar da sakamakon sashen da bai kai mutum biyar ba, domin nan take za a gane wa ya ce me, kowa ya koma yabon dole. A maimaita duk wata shida, a gwada makin da yawan masu ajiye aiki da masu fashin zuwa aiki. Idan maki ya yi kyau amma mutane na ficewa, tsoro ne ya cike takardar.

Babban kuskure shi ne a karɓi amsoshi a kulle a durowa. A faɗa wa ma'aikata sakamakon cikin wata guda, a zaɓi matsala biyu, a sa ranar gyara, a kuma faɗi wanda aka ɗora wa alhakin kowacce.