Sirdin Keke: A Auna Ƙashi Kafin a Je Kasuwa

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu hawan keke don motsa jiki a Maraɗi.)

Assalamu alaikum. Iyayena, ƴan uwana, barkanmu da yamma.

Kuka guda ne ya fi yawa cikin masu hawan keke. Mutum ya tashi da asuba ya nufi Tibiri ko ya miƙi hanyar Madarumfa, ƙafa ba ta gaji ba, numfashi bai ƙare ba, amma mazaunai sun hana shi sakat. Sai ya dawo ya jingine keken a zaure, ya ce sai ya samu sirdi mai laushi. To, a nan kuskuren yake farawa, kuma a kan wannan laushin zan fi daɗewa.

Ku ɗan zauna a kan tafin hannunku yanzu, a kan bencin nan. Za ku ji ƙasusuwa biyu masu tsini suna danna yatsu. Su ne ƙasusuwan zama, ƙarshen ƙashin ƙugu daga ƙasa, kuma su aka halitta don ɗaukar nauyi. Tsakaninsu kuwa, daga gaba zuwa dubura, nama ne mai taushi da jijiyoyin jini da na ji suke bi ta cikinsa. Aikin sirdi ɗaya ne: ya tallabe ƙasusuwan nan biyu, ya ƙyale na tsakiya. Idan soso ya yi kauri da laushi, ƙasusuwan sai su nutse, soson da suka ture kuma ya kumburo ta tsakiya ya danne inda bai kamata ba. Minti 10 na farko daɗi, bayan minti 40 sai mutum ya ji gabansa ya mutu kamar ba a jikinsa yake ba. Shi ya sa rigar sirdin nan mai kauri da ake ɗaurawa da zare ba ta cika magance komai ba. Ban da dannewa, tana zamewa hagu da dama tana goge fata. Don zuwa masallaci ko cefane ba laifi. Don tafiyar awa guda kam, ban ba da shawararta ba.

Gwajin soso a kasuwa ba wuya: danna da babban yatsa da ƙarfi. Idan ka taɓo robar da ke ƙasa, ya yi laushi da yawa. Mai kyau yana ɗan lotsawa ne ya tsaya.

Abin da ya fi laushi muhimmanci shi ne faɗi, faɗin kuma ba a kintatarsa da ido. Ƙibar mutum ba ta nuna tazarar ƙashinsa. Akwai siriri mai faɗin ƙugu, akwai ƙaton da nasa matsattse ne. A samu kwali mai kauri, irin na katan ɗin taliya ko sabulu, a ɗora a kan dakali ko benci mai tauri. A zauna da wando marar kauri, a ɗora ƙafafu a kan bulo don gwiwoyi su ɗan ɗaga, a ɗan sunkuya yadda ake yi a kan keke, a danna kamar rabin minti. In an tashi za a ga ramuka biyu. In ba su fito sosai ba, a goga alli a kwance ko gawayi, wurin da ya lotsa zai rage bai shafu ba. A sa ɗigo a tsakiyar kowane rami, a auna da ma'aunin tela. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 10 da 14, na mata kuma galibi ya fi na maza faɗi.

Abin da aka samu, sai a ƙara masa. Mai sunkuyawa sosai, kamar a keken tsere, ya ƙara wajen santimita 2. Mai zama tsaka-tsaki ya ƙara 3. Mai zama a miƙe, kamar a kan Phoenix ko Raleigh na iyayenmu, ya ƙara 4 ko fiye. Dalili kuwa, ƙasusuwan nan ba a jere suke kamar layin dogo ba, suna matsowa ne ta gaba. Idan ka sunkuya, ka koma zama a kan matsattsen wurin. Idan ka miƙe, ka koma kan mai faɗin. Saboda haka sirdin da ya yi wa mutum daidai a wannan keke yana iya azabtar da shi a wancan. Wasu kamfanoni suna buga faɗin a ƙarƙashin sirdi da milimita, za ku ga 143, 155 ko 168. Kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai sau da yawa suna zuwa da siririn sirdin tsere, mutum ya ɗaga kan keken sama don ya zauna a miƙe, ya bar sirdin yadda yake. Ƙasusuwan sai su zubo ta gefe, tsakiya ta ɗauki kaya. Wanda ya yi faɗi da yawa shi ma da nasa sharrin: yana cin cinya ta ciki a kowane juyin feda.

Amma kafin kowa ya kashe kuɗinsa, ya fara daidaita wanda yake da shi, don sau da yawa laifin na ɗauri ne.

Tsayi tukuna. Jingina da bango, hau, sa dunduniya a kan feda, kai fedar can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Mai son lissafi ya tsaya ba takalmi, ya matsa littafi tsakanin cinyoyinsa har sama, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin, a ƙara kashi 9 cikin 100. Wanda ya samu 80, tazarar daga feda tana ƙasa zuwa saman sirdi ta zama wajen 87. Sirdi ya yi sama, ƙugu zai riƙa rangaji, wanda ke bayanka zai gani tun kafin kai ka ji, fata kuma ta sha guga. Ya yi ƙasa, gaban gwiwa ya yi ciwo, kuma nauyi duka ya tare a mazaunai tunda ƙafa ba ta ɗauke komai. Mutanenmu sun fi yin na biyun, saboda son ƙafa ta taɓa ƙasa ana zaune. In an zo tsayawa a sauko gaban sirdi, shi ke nan. Sai dai a kula: jikin sandar sirdi akwai layi da aka zana, iyakar inda za a iya zaro ta. Wanda ya wuce layin yana iya karya sandar ko ya tsaga bututun keken.

Sai kwanciyar sirdi. A tsayar da keke a daɓen siminti, a ɗora katako a kan sirdi daga hanci zuwa baya, a ɗora ma'aunin ruwa na magina, ko na cikin waya. A fara da shi a kwance daidai. In gaba na damun mutum, a sunkuyar da hancin kaɗan ƙwarai, digiri 1 ko 2. Fiye da haka za ka riƙa zamewa gaba, kana tokarewa da hannu, ciwon ya tashi daga mazaunai ya koma wuyan hannu da kafaɗa. Tsofaffin kekuna noti ne a gefen maƙalar da ke riƙe sirdi a kan sanda, galibi lamba 13 ko 14, kuma maƙalar tana da haƙora. In haƙoran sun cinye, duk ɗaurin da aka yi hancin zai ɗaga a ramin farko. Maƙalar ake sauyawa, ba sirdin ba. Na zamani kuwa da makulli mai kusurwa shida ake kwance su, lamba 5 ko 6. Gaba da baya kuma, a fara da maƙala a tsakiyar ƙarafunan nan biyu na ƙarƙashin sirdi.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, da milimita 3 zuwa 5, a yi alama da salatif, a hau kwana biyu ko uku kafin a sake taɓawa. Wanda ya kwance komai rana guda ba zai san abin da ya gyara ba.

Yanzu yadda ake rarrabe ciwo, don ba duka ne na tsoro ba. Tsamin da ake ji a kan ƙasusuwan biyu, kamar an daɗe a kan benci, na sabon shiga ne. Da hawan minti 20 zuwa 30, ana tsallake rana, yakan wuce cikin mako biyu ko uku. Mutuwar gaba, ko jin kamar ana tsira allura, wannan ba a jure masa. A sauka, a gyara kwanciyar sirdi, a duba faɗi, in ya ƙi a nemi sirdi mai rami ko kwari a tsakiya. Mata da yawa sun fi samun sauƙi da mai gajeren hanci da buɗaɗɗen tsakiya. In mutuwar ta kwana ba ta sake ba, ko fitsari ya zo da wahala, maganar ta bar hannun mai gyaran keke, sai likita.

Na uku shi ne na garinmu: zafi, gumi da rairayi. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, gumi da ƙura suna haɗuwa su zama kamar sandifefa a matsematsi, daga nan sai ƙuraje, daga ƙuraje sai maruru. Wandon jins mai kaurin ɗinki a tsakiya shi ne babban mai laifi. A sa mai santsi wanda ba ya riƙe gumi. Mai gajeren wandon keke mai soso ya sa shi a jiki kai tsaye, ba kamfai a ciki, ya ɗora dogon wando a sama, sutura ta cika. An dawo, a cire, a yi wanka, a wanke shi. Kada a zauna shan shayi da shi a jiki. Ɗan man kaɗe ko basilin a inda ke gogewa yana taimakawa. Duk minti 10 kuma a miƙe a kan feda na ɗan lokaci, jini ya zagaya.

Rana tana cin sirdin ma. Baƙar roba in ta yini a fili takan tsage, soso ya sha ƙura da ruwan damina ya dunƙule. In ƙashin sirdin da ƙarafunansa lafiya lau suke, baduku zai iya sake masa soso mai tauri da fata, a dai roƙe shi kada ɗinki ya bi ta inda ake zama.

(Wani daga cikin mahalarta ya tambaya game da sirdin fata da mai sifirin.)

Madalla, Alhaji. Sirdin fata irin na kamfanin Brooks na Ingila, kamar samfurinsu B17, ba soso a cikinsa ko kaɗan, fata ce mai kauri aka ɗame a kan ƙarfe. Da farko tauri kamar akushi, sai an yi ɗaruruwan kilomita fatar take lotsawa daidai ƙashin mai ita, kuma iska na ratsa ta fiye da roba. Ba ta son ruwa, a rufe ta da leda in hadari ya taso. Kada a jiƙa ta da man inji ko man gyaɗa don ta yi saurin laushi, za ta saki ta zama kamar ragaya. Akwai noti a ƙarƙashin hanci na ƙara ɗamewa. Kwata ɗin juyi ya isa, kuma ba kullum ba.

Sifirin kuwa na mai zama a miƙe ne, wanda nauyinsa duka ke kan sirdi, musamman a hanyar burji mai gargada. Mai sunkuyawa yana juya feda da sauri, sifirin zai riƙa wullo shi sama ne kawai. Kafin ma a kai ga sifirin, Alhaji, a duba iskar taya. Masu famfo sukan cika ta har sai ta yi ƙarau, alhali a jikin tayar an rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan iskar da take ɗauka. Taya mai faɗin santimita 5, ga mutum matsakaici, wajen bar 3, wato a ma'aunin ƙarfin iska, ya ishe ta a kwalta, a rairayi ma a ɗan rage, muddin ba a sauka ƙasa da abin da aka rubuta ba.