Na'urar da ke nuna wa matuƙin jirgi ina sama, ina ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Idan kun taɓa shiga jirgin sama da dare, ku tuna sa'ad da aka kawo muku shayi kuka ajiye a ɗan teburin gabanku. Mai yiwuwa a daidai lokacin jirgin yana shan kwana, fiffike ɗaya ya yi ƙasa, ɗayan ya ɗaga, an karkata har digiri 25. Amma shayin na nan daram, ko ɗigo bai zuba ba, ku ma ba ku ji komai ba. Dalili kuwa, idan jirgi ya sha kwana yadda ya kamata, ƙarfin kwanar yakan haɗu da nauyin mutum ya danna shi cikin kujera sak. Ko dutse aka ɗaure da zare aka rataya a cikin jirgin, daɓen jirgin zai nuna, ba doron ƙasa ba.

To, matuƙin da ke gaba jikinsa irin naku ne. Da rana, sarari garau, ba shi da damuwa, zai leƙa ta gilashi ya ga layin nan da sama ta haɗu da ƙasa, ya san ko jirginsa a daidai yake. Idan ya shiga gajimare fa? Ko dare ne babu farin wata, yana bisa teku ko daji, ba fitila ko ɗaya? Ko kuma hazon nan na Disamba da Janairu ya taso ya rufe Kano da Damagaram, sama da ƙasa suka zama launi guda? Layin ya ɓace, sai abin da jikinsa ya gaya masa. Nan ne hatsarin yake.

Can cikin kunnen kowane mutum akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu siraran gasu a gindinsu. Idan ka juya kai, ruwan yakan ɗan yi nawa, gasun su kwanta, saƙo ya je ƙwaƙwalwa cewa an juya. A ƙasa wannan tsari ba shi da laifi. A sama kuwa yana da rauni biyu. Idan jirgi ya karkata a hankali, ƙasa da kamar digiri 2 a daƙiƙa, kunne ba ya jin komai. Idan kuma aka daɗe cikin kwana, kamar daƙiƙa 20, ruwan yakan kamo tafiyar bututun, gasun su miƙe, sai jiki ya ce ai an daidaita, alhali ana cikin kwanar. Abin da ya fi muni, idan matuƙin ya daidaita fukafukan da gaske, sai ya ji kamar ya karkata ɗaya gefen, hannunsa ya so mayar da jirgin inda ya fito.

Jirgin da ya karkata kuma hancinsa yakan sunkuya. Matuƙi ya ga ma'aunin tsawo yana raguwa, ya ja sitiyari don ya ɗaga hanci. Amma tunda a karkace yake, jan nan ba sama zai kai shi ba, ƙara matse kwanar zai yi, jirgin ya riƙa kewayawa yana gangarowa, gudu na ƙaruwa. A 1954 an yi wani gwaji a Jami'ar Illinois ta Amurka da matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'urori ba. Aka hana su ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma idan aka raba daidai, daƙiƙa 178 kowa ya yi kafin hakan ta faru. Ko minti uku ba a cika ba.

Yanzu bari mu dubi fuskar na'urar da ke nuna wa matuƙi ina sama, ina ƙasa. Ita ce ke tsakiyar gaban matuƙi, saitin idonsa. Rabin sama shuɗi, rabin ƙasa ruwan ƙasa, farin layi ya raba su. Akwai wani ɗan abu mai fukafukai biyu da ɗigo a tsakiya, shi ne jirgin. Idan ɗigon ya hau cikin shuɗi, hanci ya ɗaga. Idan ya nutsa cikin ruwan ƙasa, hanci ya sunkuya, kuma gajerun layukan nan masu lamba 10 da 20 su ne ke faɗin digiri nawa. Idan jirgi ya karkata dama, za ku ga fiffiken dama ya shiga ruwan ƙasa, na hagu ya shiga shuɗi. Tsagin da ke kewaye a sama, 10, 20, 30, har 60, su ke auna karkatar. Kallo ɗaya ya isa.

Tambayar ita ce, tunda dutse da zare ma ruɗuwa suke yi, ita wannan me ta riƙe da ba ta ruɗuwa?

Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san amsar. Ka murza ta, muddin tana juyi da ƙarfi tana nan tsaye a kan tsininta, ko ka karkata tiren da take kai ba za ta bi shi ba. Sai gudunta ya ragu take fara layi. A cikin na'urar nan akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira jairoskof, yana juyi kamar sau 15,000 ko fiye a minti ɗaya. An ɗora shi cikin zobba biyu, ɗaya cikin ɗaya, kowane zobe yana juyawa a nasa ɓangaren. Saboda haka jirgin zai iya ɗaga hanci, ya sunkuya, ya karkata, faifan na nan inda yake. Shi farin layin da faifan aka haɗa shi, shi kuma ɗan jirgin a jikin akwatin na'urar aka kafe shi. Wato abin da idonku ke gani kamar layi ne ke motsi, a gaskiya layin a tsaye yake, jirgin ne da matuƙin da kujerarsa suke kewaya shi.

A ƙananan jirage na da, iska ce ke juya faifan. Injin jirgi yana tuƙa wani famfo da ke zuƙe iskar cikin akwatin, sai iskar waje ta shigo ta abin tace ƙura da ƙarfi, ta daki wasu 'yan ramuka da aka sassaƙa a gefen faifan. Wasu kuma lantarki ke juya su.

Akwai wata dabara a ƙasan faifan da nake ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Komai kyan ƙira, gogayya takan sa faifan ya riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan. Sai maƙeran suka huda ƙofofi huɗu inda iska ke fita, suka rataya wa kowace ƙofa ɗan marfi da ke rufe rabinta. Idan faifan na tsaye daidai, iska na fita ta ko'ina daidai wa daida. Da ya ɗan kauce, sai marfi ɗaya ya buɗe sosai, na ɗaya gefen ya rufe, iskar da ke fita ta gefe guda ta riƙa tura shi har ya koma mazauninsa. Da gangan aka sa gyaran ya zama a hankali ƙwarai, don kada kwanar minti ɗaya ta yaudari na'urar yadda take yaudarar kunne. Shi ya sa matuƙin ƙaramin jirgi yakan jira 'yan mintuna bayan ya tada inji, ya ga layin ya zauna, kafin ya tashi.

Ranar 24 ga Satumba, 1929, a filin Mitchel da ke New York, wani matuƙin sojan Amurka, Jimmy Doolittle, ya shiga jirgi aka lulluɓe mazauninsa ruf. Ya tashi, ya kewaya, ya sauka, bai ga waje ba ko sau ɗaya. Akwai wani matuƙi a ɗayan mazaunin saboda tsaro, amma bai karɓi tuƙin ba. Cikin na'urorin da ya dogara da su har da irin wannan, ƙirar kamfanin Sperry. Daga nan tafiyar dare da ta cikin gajimare ta fara zama abin da za a iya tsarawa.

Manyan jiragen yau ba su da faifai mai juyi. Hasken leza ake turawa kashi biyu, su kewaya wata 'yar hanya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Da jirgi ya juya, sai bambanci ya bayyana tsakaninsu, kwamfuta ta lissafa. Ƙananan jirage kuma suna amfani da 'yan mitsitsin na'urori dangin waɗanda ke cikin wayar hannu. Amma hoton bai canja ba, shuɗi da ruwan ƙasa.

Sai dai na'ura ba ta da amfani idan ba a dube ta ba. Ranar 5 ga Mayu, 2007, jirgin Kenya Airways, Boeing 737, ya tashi daga Douala a Kamaru da tsakar dare cikin hadari, za shi Nairobi. Jirgin ya soma karkata dama a hankali, irin karkatar nan da kunne ba ya ji. Kyaftin ɗin ya ɗauka na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta karɓa, alhali ba ta karɓa ba. Kusan minti guda ba mai tuƙi. Da ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka, ya kama sitiyari a ruɗe, karkatar ta ƙaru maimakon ta ragu. Jirgin ya faɗa cikin fadama kusa da Douala, mutum 114 suka rasu. Na'urar nuna sama da ƙasa kuwa lafiyarta ƙalau.

Ita ma takan lalace. Ranar 1 ga Janairu, 1978, jirgin Air India, Boeing 747, ya tashi daga Bombay, wato Mumbai ta yanzu a Indiya, da dare bisa teku. Masu bincike sun ce na'urar kyaftin ta ci gaba da nuna karkata dama bayan jirgin ya daidaita, shi kuma ya yi ta karkata shi hagu har ya faɗa ruwa da mutum 213. Wannan ne ya sa samun irin na'urar guda uku yake da muhimmanci: ta kyaftin, ta mataimakinsa, da wata ƙarama ta ko-ta-kwana mai wutarta daban. Idan biyu suka saɓa, ta uku ce ke raba gardama. Mai famfon iska kuwa tata matsalar ta fi wuyar ganewa, domin idan famfon ya mutu faifan ba ya tsayawa nan take, sannu a hankali yake rage gudu yana kwantawa, matuƙin da bai duba sauran ma'aunai ba sai ya bi ta.

Saboda haka a makarantar koyon tuƙi, malami yakan ce wa ɗalibi ya rufe ido ya sunkuyar da kai. Sai ya yi ta juya jirgin dama da hagu har kunnen ɗalibin ya rikice, sannan ya bar shi a karkace, hanci ƙasa, ya ce, "Karɓi." Ɗalibin ya buɗe ido, an sa masa abin da ke tare ganin waje, jikinsa na rantsuwa cewa a daidai yake. Abin da ake so ya yi shi ne ya kafa ido kan shuɗi da ruwan ƙasan nan, ya rage wuta, ya daidaita fukafukai tukuna, sannan ya ɗaga hanci a hankali. Ana maimaita masa har hannunsa ya saba bin idonsa ko da cikinsa na cewa a'a.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.