Sharhi: Abdullah Ibrahim, makaɗin fiyanon da ya dami gwamnatin wariyar launin fata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya karkata ne ga Afirka ta Kudu, ga wani makaɗin jazz da aka haifa a birnin Cape Town a 1934 da sunan Adolph Johannes Brand. Duniya ta fara saninsa da Dollar Brand. Bayan ya musulunta a 1968 ya koma Abdullah Ibrahim, ya kuma sauke farali a 1970.

Kakarsa ce ke kaɗa fiyano a cocinsu, don haka da waƙoƙin coci ya buɗe kunne, sai kiɗan marabi na unguwannin baƙar fata. Wannan gaurayen bai taɓa barin yatsunsa ba, ko a lokacin da ya kafa ƙungiyar Jazz Epistles tare da makaɗa irin su Hugh Masekela da Kippie Moeketsi. Kisan gillar da 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zanga a Sharpeville a 1960 ya sa ƙasar ta yi wa makaɗa ƙunci, ya tattara ya tafi Turai a 1962. A birnin Zurich ne shahararren makaɗin jazz na Amurka Duke Ellington ya saurare shi, ya kai shi Faris aka naɗi faifai a 1963.

To amma inda nake so mu ɗan dakata shi ne 1974, lokacin da ya dawo gida ya naɗi kiɗan "Mannenberg" tare da masu busa Basil Coetzee da Robbie Jansen. Sunan ya samo asali ne daga Manenberg, ɗaya daga cikin unguwannin da gwamnati ta jibge mutanen da ta kora daga gidajensu, ciki har da 'yan unguwar District Six ta birnin Cape Town. Kiɗa ne kusan zalla, babu baitin zagi, babu kiran bore. Me masu tace waƙoƙi za su kama? Amma talakawa sun ji unguwarsu a cikinsa, kuma a shekarun 1980 shi ake busawa a tarukan adawa da wariyar launin fata. A ganina hakan ya fi kowace lambar yabo da ya samu daga baya.

Bayan boren Soweto na 1976 ya sake ficewa zuwa New York. Bai dawo ba sai da aka sako Nelson Mandela a 1990, kuma a 1994 ya kaɗa fiyano a bikin rantsar da Mandela shugaban ƙasa.